Soket ɗin Bayan Kabad

Jiya da ƙarfe huɗu da minti ashirin da biyar na yamma, da kun leƙo ɗakin surukata da kun sha kallo. Ni Neville, mai shekara sittin da uku, mai wannan filin da kuke karantawa duk mako, ina durƙushe a bayan kabad, kai a cikin ƙura, ɗuwawu a sama. Maƙwabcina Spiro yana tsaye a kaina da agogo a hannu yana cewa, "Kar ka ƙifta ido, malam, saura minti biyar." Bari in ba ku labarin yadda na kai kaina can, don ba wanda ya tura ni.

Mama Nola, mahaifiyar matata Raelene, ta dawo wurinmu wata biyu da suka wuce. Shekararta tamanin da huɗu, gwiwa ta ƙi, gidanmu kuwa irin na kan dirkoki ne, matakala goma sha biyar. Sai muka gyara mata ɗakin da ke can ƙarshen fili, wanda a da shi ne rumfar injin tace ruwa, zamanin da muke da wurin ninkaya kafin mu cike shi da ƙasa.

Abu ɗaya tak ta roƙa. Tana da ƙane a Perth, can ɗaya ƙarshen ƙasar nan, Kawu Merv, yana gidan kula da tsofaffi, jiki ya yi nisa. Su biyu suka rage a ɗakinsu. Kunnensa ya tafi, waya ba ta yi masa amfani, sai ya ga fuskar mutum ya karanta leɓensa. Ma'aikaciyar da ke kula da shi tana samun sararin riƙe masa kwamfutar hannu sau ɗaya a rana, ƙarfe uku da rabi a agogonsu, biyar da rabi a namu. Mama Nola tana son ta riƙa ganinsa a wannan lokacin, shi ke nan.

To, intanet ɗin gidanmu ba ya ratsa bangon kwanon ɗakinta. Sabis na waya kuwa a unguwarmu, sai ka hau kan tankin ruwa ka ɗaga hannu sama. Spiro, wanda tsohon mai gyaran wuta ne, ya leƙo ta katanga ya ce a haƙa rami daga gida zuwa ɗakin a binne waya. A ina? A tsakiyar ciyawata! Shekara goma sha ɗaya ina renon ciyawar nan. Na ce masa hassada ce, don tasa ta yi kama da gashin tsohon kare.

Sai na shiga gari na sayo wasu 'yan akwatina guda biyu. Ka cusa ɗaya a soket kusa da akwatin intanet, ka cusa ɗayan a ɗakin da kake so, sai intanet ya bi wayoyin wutar da ke cikin bango ya isa can. Ba haƙa, ba ƙusa, ba Spiro. Na janye kabad ɗin Mama, na sami wani soket a ɓoye da ba mai amfani da shi, na cusa, na mayar da kabad. Nan take ya kama. Ranar har tafiyata ta canza.

Da safe lafiya lau. Da rana lafiya lau. Huɗu da rabi na yi, ɗif. Ba zai dawo ba sai takwas da rabi, lokacin ma'aikaciyar Kawu Merv ta daɗe da tashi. Washegari haka, jibi haka.

Tun a makon farko Mama ta ce, "Neville, 'yar fitilar akwatin nan na bayan kabad, ina ganin haskenta a bango. Da yamma sai ya ɓace."

Na ce, "Mama, ki bar mana wannan, harkar zamani ce." Ai fitilun ɗakin suna ci, firji yana aiki, ba a ɗauke wuta ba. Me tsohuwa ta sani?

Ni na riga na san masu laifi. Ba ku manta da Mai Girma Sarkin Yanke Ƙyalle ba, wanda ya zo mana gab da zaɓe da hular kwano sabuwa fil da shebur mai sheƙi, ya yi alkawarin intanet mai gudun walƙiya a kowane gida, ya haƙa ƙasa cokali biyu aka ɗauki hoto ya shiga mota. Abin da muka samu shi ne benci mai intanet a filin shaƙatawa, na ƙarfe, a tsakiyar rana, wanda duk wanda ya zauna a kansa a watan Janairu, tsakiyar zafinmu, sai ya tashi da zanen ƙuna a cinya. Madalla da wannan hangen nesa. Na yanke hukunci cewa da yamma manya ne suke janye mana intanet su kai unguwanninsu.

Kullum huɗu da rabi sai in ruga sama in kira kamfanin intanet a wayar gida. Wata murya mai daɗi ta ce ni ne na goma sha bakwai a layi, kuma kirana yana da muhimmanci a wurinsu. In na kai ga mutum, sai ya ce in kashe in kunna. Na rubuta wa Mai Girma Shugaban Kwamitin Za-Mu-Duba takarda mai shafi huɗu. Na bi gida-gida na tara sa hannun mutum arba'in da ɗaya, galibinsu don in bar musu ƙofa suka sa. A wannan filin ma, mako biyu da suka wuce, na kira mutanen nan da sunayen da edita ya goge rabinsu.

Mun gwada zaunar da Mama a ƙarƙashin gida, inda intanet ɗin sama yake ɗan saukowa. Hoton ya riƙa daskarewa, Kawu Merv kuwa ba ya iya karanta leɓen da ya tsaya cak. Na ce in goya ta mu hau sama, ta ce ita ba buhun dankali ba ce.

Kwana ashirin da uku muna haka. Ba ta taɓa yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ƙarfe biyar na yi za ta taje gashi, ta shafa jan baki don ya fi ganin leɓenta, ta zauna gaban kwamfutar tana jira. Shida saura kwata sai ta goge bakin ta ɗora shayi. Wallahi ranar da na ga wannan ta taga, sai da na ji kunyar kaina, amma sai na koma na ƙara wa takardar koke shafi ɗaya.

Shekaranjiya ma'aikaciyar ta kira Raelene ta ce Kawu Merv ya rage cin abinci, kuma in an kawo kwamfutar sai ya kau da kai. Raelene ta ajiye wayar ta dube ni.

"Neville, ko ka kira Spiro gobe, ko in ɗauki shebur in tsaga ciyawar nan gida biyu. Kuma ba a miƙe zan tsaga ba."

Spiro ya zo. Bai kalli akwatinana ba, kai tsaye ya je ya buɗe akwatin mita, ya daɗe yana kallo, sai na ga kafaɗunsa suna rawa don dariya. Ya ce, "A wane soket ka sa abin naka?" Na nuna masa. Shi ne ya ce in durƙusa in zuba wa fitilar ido.

Huɗu da rabi daidai, muka ji ƙas daga akwatin mita. 'Yar fitilar ta mutu a gaban hancina.

Spiro ya ce, "Mita biyu gare ka, gwani. Wannan soket ɗin a layin rangwame yake, wanda kamfanin wuta yake kashewa da yamma lokacin da kowa ke girki. Don injin tace ruwa aka ja shi, shi ba ruwansa da ƙarfe nawa."

Na ce, "To wane mara tunani ne ya nemi a sa wannan?"

"Kai. Ni na ja wayar, kai ka cike takardar. Har tsiren rago ka gasa mini. Ka kuma rubuta a jarida cewa duk wanda bai yi haka ba bai san ciwon kansa ba. Matata ta yanke shafin, yana nan, in ɗauko?"

"Me ya hana ka gaya mini tun tuni?"

"Ka tambaye ni? Ai ni mai hassada ne."

Mama Nola tana zaune tana jinmu. Ta ɗaga sandarta kawai ta nuna soket ɗin da ke kusa da butar shayi. Taku huɗu ne daga inda nake durƙushe. Na cire, na je, na cusa, fitila ta kama.

Biyar da rabi fuskar Kawu Merv ta fito, ya rame ƙwarai. Ya daɗe yana kallonta, bakinsa yana motsi, kafin magana ta fito.

"Nola? Ina kika shiga? Na ɗauka kin riga ni tafiya ne, suna ɓoye mini."

Ta matso da fuskarta, ta yi magana a hankali yadda zai karanta. "Ina nan, Merv. Ban je ko'ina ba. Surukina ne yake gyara mini intanet."

Ni da Spiro muka fita waje muka tsaya muna kallon ciyawa. Shi ma bai ƙara tsokanata ba. Daga baya muka ji ma'aikaciyar tana cewa ya nemi a kawo masa miya.

Yau da safe kuma takarda ta iso. Tun da nake rubuce-rubucena ba a taɓa amsa mini ba sai wannan karon. Mai Girma Shugaban Kwamitin ya ce kokenmu ya taɓa masa zuciya, zai zo da kansa ranar Alhamis ƙarfe huɗu da rabi, da injiniyoyi biyu da masu ɗaukar hoto, ya ga matsalar da idonsa. An kuma gayyaci duk mutum arba'in da ɗayan nan. Mama ta ce in zaɓa, ko in yi musu bayani da bakina ko ita ta yi, ta ma riga ta fitar da jan bakinta.

Ni dai na riga na auna bayan kabad ɗin nan jiya, in ta kai ga ɓuya yana ɗaukata.