Ragon Habu na Zandam

Da ƙungiyarmu ta 'yan sa kai ta raba mana matasa, ni aka ba Habu na Zandam, mai koyon kiwon rago. Aikina in riƙa leƙa shi, in kawo rahoto duk wata. Sau ɗaya na je. Na ce a raina, me rago zai yi in ba ci da ƙiba ba?

Ranar taro a Birnin Kudu na miƙe, na gyara hula, na ce, "Alhamdu lillahi, ragon Habu sai wanda ya gani. Makon jiya ma na shafa bayansa, da ƙyar yake tashi don ƙiba."

Hajiya shugabarmu ta sauke tabarau. "Malam, wane ragon? Wanda na saya a hannunsa na yi layya? Ai har gidanka na aika da soye."

Na tuna soyen nan. Har ƙari na nema.

Yanzu tumaki Habu yake kiwo. Ni kuwa duk taron da na shiga, sai wani ya tare ni da fuskar tausayi: "Malam, ya jikin rago? Ya samu ya tashi?"