Shirin Jarrabawar Kimiya a Kwana Bakwai, Irin na Mahadi

Ɗan sakandare, matso kusa. Saura mako guda jarrabawar kimiya, ilimin nan na haɗa sinadarai, kai kuwa abin da ka riƙe bai wuce sunan malamin ba? Kwantar da hankalinka. Wannan hanya na ga aikinta da idona a kan Mahadi ɗan Alhaji Yakubu, a ƙauyenmu kusa da Makwar a ƙasar Sudan, shekarar 1972. Na yi maka alkawari, sakamako tabbas ne.

1. Ji tsoro, amma daidai kima

Mahadi ya sauko daga lori hutun bita ana tsakiyar cirar auduga. Ubansa bai ja zance ba: "Ya walad, kai yaro, in ka ci, ka wuce jami'a. In ka faɗi, khalas, shi ke nan, ga hawasha tana jiranka." Hawasha ita ce gonar audugarsu, faddan goma, wato kusan eka goma, babu inuwa ko ta tsuntsu. Mahadi ya tsorata. Kai ma ka tsorata, sai dai kada tsoron ya kai ka ga buɗe littafi.

2. Ari littafin mai ƙoƙari

Shekara guda kana zanen jiragen sama a bayan aji, me za ka bita? Je wurin irin su Sodangi, ɗan ajinsu Mahadi, wanda ko tarin malam sai da ya rubuta da alƙalamin tawada.

"Amana ce fa," in ji Sodangi. "Ran Alhamis nake so."

"Haba ya zol, mutumina, ni ne fa!" in ji Mahadi.

3. Zaɓi wurin da za a gan ka

Gindin bishiya a bakin tur'a, wato hanyar ruwan ban-ruwan gonaki, inda masu cirar auduga ke wucewa. Riƙe littafin, motsa leɓe. In barci ya zo kada ka yi masa gardama, masana sun tabbatar ilimi ya fi zama a ƙwaƙwalwar da ta huta. Mahadi ya hutar da tasa kwana huɗu.

4. Kai kukanka ga tsohuwa

Rana ta biyar ya ce da kakarsa Huseina, "Habboba, karatun nan ya ƙi shiga kaina." Ya bar littafin a kan tabarmarta, ya tafi ƙwallo. Wannan mataki ne babba, kada ka tsallake shi. Tsohuwa ta buɗe, ta ga rubutun larabci reras. Ita kuwa tunda take, abu ɗaya ta san ana yi da rubutu in ana neman buɗin ƙwaƙwalwa: a wanke a sha.

5. Sha abin da aka miƙo maka

Ya dawo da ƙishirwa, ta tare shi da ƙwarya.

"Yi bisimilla ka shanye, ɗan nan. Abin da ya ƙi shiga ta kai, ta ciki yake shiga."

Ya kafa kai. Sai da ya sauke ƙwaryar ya lura ruwan shuɗi ne, ya kuma hango takardu shanye a kan danga, farare fat.

"Har bangon na wanke maka," in ji ta. "Ban bar ko harafi ba."

6. Mayar da amana

Ran Alhamis ka miƙa wa mai littafi takardunsa a bushe. Sodangi ya zauna a ƙasa ya yi kuka kamar an yi masa rasuwa, kuma wallahi ya ba ni tausayi. Duk da haka ya ci jarrabawar, domin shi ta kai ya zuba nasa.

7. Shiga ɗakin jarrabawa da ƙarfin gwiwa

Ai kimiyar duka tana cikinka. Mahadi ya rubuta sunansa da kyau, ya dafe ciki awa uku yana jiran ta taso.

Gargaɗi: mai wannan jagora ba ya ɗaukar alhakin ciwon ciki, ɓatawa da aboki, ko fushin uba. Mai ƙorafi ya sami Mahadi a hawasha, yana watsa takin zamani da bai san sinadarin cikinsa ba. Habboba Huseina kuwa har gobe ta ce laifinsa ne: ya rage guntu a gindin ƙwaryar, kuma daga nan aka yi tambayoyin.