Hawayen Tafinta a Gaban Kotu

Duk abin da zan manta a rayuwa, ba zan taɓa mantawa da makona na farko a aikin tafinta a kotu ba, a Dogon Dutsi. Alƙalai da Faransanci suke shari'a, ni kuma in mayar wa mutane da Hausa.

A makon ne aka ce babban mai gabatar da ƙara na gwamnati zai zo da kansa. Ɗan Matankari ne, kuma tun muna lakwal, wato makaranta, muke jin labarinsa: ya gurfanar da manyan da ba a taɓawa, aka wurga shi can arewa cikin rairayi, ya dawo ya shiga siyasa har ya zama minista, wata rana ya ajiye kujerar ya koma cikin baƙar rigarsa. (Ni kam har tafiyarsa nake kwaikwaya, alhali ban taɓa ganinsa ba.)

Wanda ake tuhuma wani tsoho ne makiyayi daga Dogon Kiriya, Baffa Altine. Wani ƙusa a tsohuwar jam'iyyar shi maigirma mai gabatar da ƙarar ne ya ce ya sace masa shanu. Kowa ya ɗauka tsoho ya gama yawo, sai kurkuku. Matarsa na zaune a baya, ta haɗa kai da gwiwa.

Maigirma ya miƙe. Bai ɗaga murya ba. Ya bi shaidun ɗaya bayan ɗaya yana warware su kamar mai tsefe kitso, har ya kai ga cewa gwamnati ba ta ɗauke shi aiki don ya ɗaure marar laifi ba, saboda haka yana roƙon kotu ta saki tsohon nan. Mai gabatar da ƙara da kansa, a gaban mutumin jam'iyyarsa! Na saki baki ina kallonsa, ban san sanda hawaye suka fara zubo mini ba. Fassara kuwa na manta da ita sam.

Baffa Altine ba ya jin ko kalma ɗaya ta Faransanci, fuskata kawai yake karantawa. Da ya ga tafinta na kuka, sai ya dafa ƙarfen gabansa, ya tambaye ni.

"Yaro, kar ka ɓoye min. Shekara nawa anka ba ni?"

Matarsa ta ɗora hannu a ka ta kwarma ihu. 'Yan'uwa suka ɗauki salati. Na buɗe baki in gyara, sai shessheƙa ta fito, ihun ya ƙaru.

Maigirma ya juyo ya dube ni ta saman tabarau, ya yi magana da Hausar Arewa tsantsa, irin ta Matankari.

"Malam tafinta, in ka ƙare kukan, ka hwaɗa ma tsoho na ce a sake shi."

Har alƙali sai da ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Na so ƙasa ta tsage in shige. Da majina da komai na fassara, alƙali kuma ya sallami tsoho.

A bakin ƙofa Baffa Altine ya kama hannuna da tausayi. "Ka yi haƙuri, ɗana. Allah shi ba ka ƙarfin zuciya." Wanda ya kusa kwana a kurkuku shi ke lallashina!

Tun ranar na gane fuskar tafinta ma fassara take yi, kuma tawa ta kusa kashe tsoho da matarsa. Yanzu sai na faɗi magana tukuna. In kukan ne, ina riƙe shi har in kai gida.