Ɗigon Jinin Bijimin Ardo

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na fara ganin jini a madubin likita, mai girmama ƙananan abubuwa. Lokacin Kontagora tana ƙarƙashin Jihar Arewa maso Yamma, ni kuma ɗalibi ne, an turo ni asibitin dabbobi in koyi aiki wajen Malam Bawa. Ƙwayoyin jini na haddace su tsaf a littafi, har ina yi wa mutane burga, amma ban taɓa sa su a ido ba.

Wani Ardo ya koro bijiminsa tun daga Bangi, duk ya rame, ana zargin cutar sammore. Ramar ba ta rage masa faɗa ba, sai da ƙarti suka jiƙe da gumi kafin ya faɗi. Malam ya tsaga kunnensa, ya ɗiga jini a gilashi, aka saki bijimin. Malam ya ce in duba, da na ga motsin ƙwayar cutar in kira shi maza, don in jinin ya bushe shi ke nan. Magani ya yi ƙaranci, ba ya yin allura sai ya gani da idonsa.

Na kamo hasken taga, na sa ido. Ƙwayoyi ne birjik, sun fi gero a masussuka yawa, ga wasu siraran halittu suna wutsil-wutsil a tsakaninsu suna ture su gefe. Duk a ɗigon da bai kai ƙwayar dawa ba! Na yi ta tasbihi, har da 'yar ƙwalla. Kiran Malam kuwa (Allah ya sani) ko a raina.

Da ya gaji da jira ya leƙo, komai ya bushe ƙayau.

"Ka gani?"

"Na gani, Malam."

"Madalla. Tunda kai kaɗai ka gani, je ka kamo shi."

Wutsiya aka ba ni. Bijimin ya ja ni cikin kashin shanu da farar rigata, 'yan kallo na ta shewa, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige.

Aka sake ɗiban jini, Malam ya gani, ya yi allura. Ardo ya roƙa a bar shi ya leƙa. Ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya dube ni, kashi har gira, ya ce, "Yaro, ban ga laifinka ba."

Har gobe ina tasbihi a bakin madubi, amma sai na fara kiran Malam.