Shekarun Kaka a Cikin Kati

"...lafiya lau, in ban da ganinka da na yi da sassafe. Ina ka baro wanka?"

"Na bar wa masu neman aure, ni da na riga na samu tsohuwata. Amarya, ina tabarau?"

"Na zauna a kai."

"Allah ya ji ƙan tabarau. Ya gamu da abin da ya fi ƙarfinsa."

A bakin injin cire kuɗi suka haɗu, Kaka mai shagon zare da maɓallai da jikanta bakanike, ɗan 'yarta. Ita dai Kaka hannunta a sake yake, kowa ya zo mata da hawaye sai ta kwance jaka. Bara waccan da kuɗin hayar shago na shekara ya taso, sai da 'yan kunnenta suka tafi. Shi ya sa bara jikan ya ja ta banki suka buɗe kati, irin wanda ba ya ba da bashi, abin da ka zuba shi za ka tarar. Duk mako takan je ta zuba ɗan abin da ya samu. Lambar sirrin kuwa guda huɗu ce, suka raba, biyu nasa biyu nata, kowa ya danna yana karewa da tafin hannu, don kada ɗaya ya iya cirewa shi kaɗai.

Yau ce ranar biya. Wanda ya ba ta hayar shagon ya ce ƙarfe sha biyu, in ba haka ba ga wani mai sayar da wayoyi nan yana ta leƙen wurin da awo a hannu. Shekara talatin Kaka tana shagon nan.

Ga inda matsalar take: babu tabarau, lambobin injin sun zame mata kamar tururuwa, dole ta faɗa da baki. Lambobinta kuwa shekarunta ne ta sa, na gaskiya, waɗanda ko 'ya'yan cikinta ba ta taɓa faɗa wa ba. Kowa a dangi ya san Kaka hamsin da tara gare ta. Kuma ga tsohon mai gadin nan a kan benci, wanda kullum yake ce mata "ƙanwata", ya baza kunnuwa.

Jikan ya zura katin. "Na danna nawa. Faɗi naki."

"Biyar, tara."

Ya juyo ya dube ta, ya danna. Injin ya yi wani ɗan kuka, ya ƙi.

"Ka gani ko? Baƙin man hannunka ne ya toshe masa ido."

"Amarya, tsakani da Allah, shekarunki kika sa?"

"Wane shekaru? Lambar takalmina ce."

"Takalmi mai lamba hamsin da tara? Wannan ai kwalekwale ne. Da shi kike ƙetare kogi?"

"Gadon ƙafar na yi, kai ma ka ɗebo. Dubi taka kamar an shimfiɗa tabarma."

"To ji nan. Injin nan sau uku yake haƙuri. A na uku ya haɗiye katin, sai an yi mako ana cike takardu. Saura biyu."

Kaka ta gyara mayafi ta saci kallon mai gadi. Yana nan, har ya matso da bencin.

"Na tuna. Shida, biyu."

"Au, ciniki muke yi? Kin ƙara uku?"

"Danna, ni na haifi uwarka."

"Wannan uwar tawa shekararta hamsin da biyu. A lissafinki na ɗazu kina da bakwai kika haife ta. Daga makaranta kika biya asibiti?"

"Mu a zamaninmu da wuri ake girma. Ba irinku ba, gemu har ƙirji ana neman cokali a kicin ɗin kaka."

"Kin rantse shida da biyu ne?"

"Ban rantse ba, amma ina da yaƙini."

Ya danna. Injin ya sake kukan nan, ya rubuto jan gargaɗi. Wani a bayan layi ya yi tsaki, wata ta ce don Allah a taimaka, ta bar tukunya a wuta.

"Saura ɗaya," in ji jikan, ya cire hannunsa daga injin ya zura a aljihu. "Ni dai na fasa auren. An ce mini yarinya ce sabuwa dal, ashe an juya mita baya irin ta tsohuwar mota. Mu a gareji mun san irin wannan, a shafa fenti a sama, ƙasa duk walda."

"Kai wa zai ɗauka? Na rufa maka asiri ne. Mijin da ko maɓallin rigarsa babu."

"Matata ce mai shagon maɓalli, ki ji abin kunya."

Ta buɗe baki za ta rama, sai agogon bankin ya buga sha ɗaya. Nan wasa ya fice mata daga rai. Ta hango mai wayoyi yana ciccire katakon da marigayi mijinta ya kafa da hannunsa, kwalaben maɓallanta a zube a bakin titi. Tsoro ya kama ta sosai.

"Sunkuyo, dogon banza."

"Ban ji ba."

"Na ce kawo kunnenka, kafin in tsinke shi!"

Ya sunkuyo. Ta kare bakinta da mayafi, murya can ƙasa kamar mai faɗin inda ta binne zinariya: "Bakwai, biyar."

Bai yi dariya ba. Ya danna nasa biyun, ya danna bakwai, yatsansa na kan hanyar biyar sai ta cafke wuyan hannunsa.

"Tsaya! Bara muka buɗe katin. Huɗu ne, huɗu!"

"Ko a bakin rami sai kin rage ɗaya?"

"Wallahi wannan karon gaskiya ce!"

Ta faɗe shi da ƙarfin da har na ƙarshen layi ya ji. Jikan ya danna huɗu. Injin ya yi shiru, Kaka ta zuba masa ido. Can sai ya hau gurnani, ya turo kuɗin haya cif.

Ta damƙe su ta tura can ƙasan jaka. Sai da suka matsa gefe ya yi magana, kuma ba da muryar tsokana ba.

"Saba'in da biyar, kuma ke kike ɗaga ƙofar ƙarfen nan kullum da safe? Daga gobe ni zan riƙa biyowa in buɗe. Tabarau ma yau za mu saya."

Abin ya taɓa ta har idonta ya ciko, don haka ta harare shi. "Kada ka mayar da ni tsohuwa. To tunda ka ji nawa, kai me ka sa?"

"Biyar, tara."

"Me?"

"Lambar da ba za ta taɓa canjawa ba na nema. Na canja lambar waya sau uku, an canja lambar gidanmu, amma ke tun ina aji shida kike hamsin da tara. Na ce wannan ko na haukace ba zan manta ba."

Kaka ta tsaya baki buɗe. Sai dariya ta ƙwace mata, ta dafa bango tana yi tana share hawaye. "Wato shekara guda ƙaryata da gaskiyata suna kwance a kati ɗaya, suna gadin kuɗina! Ka ci, ɗan banza, yau kam ka ci." Ta lalubo wani maɓalli mai ruwan zinariya a jaka ta danƙa masa. "Ungo, sadakinka. Ka kawo rigar in ɗinka."

Za su wuce, mai gadi ya miƙe yana washe baki. "Ƙanwata, an gama lafiya?"

Kaka ta tsaya, ta dube shi sama da ƙasa, ta gyara jakarta.

"Yayarka ce. Cire hula ka gaishe ni da kyau."