Bangon Gwaraza a Gidan Gajiyayyu

Ni mai ɗaukar hoto ne, kuma cikin wuraren da ake kirana aiki akwai wani gidan kula da gajiyayyu da ke bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa a garinmu. Tsofaffi ashirin da 'yan kai ne a ciki, wasu ba sa gani, wasu ba sa iya tashi. Matsalar gidan guda ɗaya ce, ma'aikata ba sa zama. A ɗauki mutum yau, kafin ya gama haddace sunayen tsofaffin ya ƙara gaba. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Ba ranar hutu, ba safar hannu, kuma mutum ɗaya ne zai ɗaga wannan tsoho ya yi masa wanka, ya juya wancan, ya ba na gaba abinci a baki, kafin ya kai ƙarshen ɗakin, tsohon farko ya sake kira.

Kowa ya san haka, ban da Darakta. Shi ya taɓa zuwa wata bita ta kwana uku a wani otal, ya dawo da jaka da biro da kuma tabbacin cewa babu abin da ke riƙe ma'aikaci kamar yabo. Tun daga nan, da zarar ya ji ƙishin-ƙishin wani zai ajiye aiki, sai ya naɗa shi Gwarzon Wata, ya kira ni in ɗauki hoto, a sa a firam, a rataye a bangon falo. Hoto goma na ɗauka. Duk goman suna nan a bango suna ta murmushi, amma babu ko ɗayansu a cikin gidan. Har ta kai in tsofaffin suka ga na shigo da kyamara a wuya, sai ka ji suna tambayar juna, "Yau kuma wa za mu yi wa Allah ya kiyaye hanya?"

Ranar da nake ba ku labari, layi ya zo kan Isiyaku. Shi kaɗai ya rage a ɓangaren maza, magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, kuma aikin ya ci masa baya har sai ya dafa bango yake miƙewa. Wallahi ni kaina na ji ba daɗi da aka ce zai tafi, amma ba kamar Malam Tanimu ba. Tsohon direban jirgin ƙasa ne shi, ɓarin jikinsa ya shanye, shekara tara ke nan yana gidan. Isiyaku ne kawai ya iya ɗaga shi ba tare da ya murɗe masa kafaɗa ba, shi ne kuma ke yi masa aski. Keken guragun da yake zama a kai, tayar hagu ta karye tun bara waccan, aka tokare shi da bulo a gindin darbejiyar tsakar gida. Kullum da safe Isiyaku ke ɗauko Malam Tanimu ya ɗora a kai, ya mayar da shi ɗaki da yamma. Duk sanda aka yi maganar gyara, Darakta zai ce ana kan duba lamarin.

Saboda haka a gindin darbejiyar aka yi bikin naɗa Isiyaku Gwarzon Wata. Aka raba lemo da cincin, Darakta ya sha babbar riga, ya yi jawabi mai tsawo a kan sadaukarwa, ya miƙa wa Isiyaku takardar yabo, ni kuma na ƙyasta.

Isiyaku ya juya takardar, ya duba bayanta, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, na gode da karramawa. Ni dai abu biyu na roƙa. A ba ni Juma'a in riƙa yini da iyalina, a kuma samo wanda zai riƙa kama mini ɗagawa. In an yi haka ba inda za ni."

"Ana kan duba lamarin," in ji Darakta. "Amma ka ga matsalarku ke nan, ma'aikatan yanzu, ba haƙuri. Ga hotonka za a rataye, duk baƙon da ya shigo sai ya gan ka. Me ya fi wannan?"

Malam Tanimu ya ɗaga hannunsa mai lafiya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba shi Juma'ar nan don Allah. In yaron nan ya tafi, wa zai fito da ni in ga rana?"

Darakta ya washe baki kamar an kawo masa shaida, ya matsa ya dafa bayan keken.

"Yawwa! Ga ma misali a gabanka, Isiyaku. Dubi Baba. Shekara tara yana gidan nan. A gabansa mutum goma suka shigo suka fice, shi ko ƙofar gida bai taɓa leƙawa ba. Wannan shi ne riƙon amana! Baba, bar maganar Juma'a tukuna. Gaya masa sirrin da ya zaunar da kai a nan har yau."

Malam Tanimu ya sunkuya ya dubi bulon, ya ɗago ya dubi Darakta.

"Sa a gyara mini tayar keken nan, ranka ya daɗe, ka ga ko la'asar za ta same ni a gidan nan."