Tiyon Esi a Hawa na Uku

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya gaban maƙwabtana a unguwar Hay el-Sabi' ta ƙasar Misira na yanke wa kaina hukunci da bakina.

Hajiya Rabi, 'yar kasuwa daga Nijar da ke zaune a benenmu, ta zame a ƙofar gida ta karya hannu. Ruwan esi, na'urar sanyaya ɗaki, ne ke ɗiga daga sama, har wurin ya yi gansakuka. Bayan la'asar mijinta, Alhaji Sani, ya tara mu, aka kira Bamisiren da ya ɗaura mana esi. Mutumin ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri, amma duk masu sana'arsu haka suke barin tiyo yana reto a waje.

Ni kuwa ɗalibin shari'a ne (na ma sa tabarau, alhali idona lafiya lau). Na miƙe na gyara murya. Na ce gaskiya alƙali yakan duba al'adar masu sana'a in zai auna sakaci, amma al'ada ba ta wanke mutum idan haɗarin a fili yake, balle inda doka ta yi magana. Doka kuma, na ce, tana kama wanda na'urar ke hannunsa, tunda shi ya kamata ya kula. Har da buga teburi.

"Alhaji, kada ku yafe. Mu fita mu bi tiyon nan mu ga na wane marar imani ne."

Muka fita, kowa ya ɗaga kai. Na bi tiyon da yatsa, hawa na ɗaya, na biyu, sai yatsan ya tsaya a wata taga ta hawa na uku. Ga gajeren wandona a shanye.

Na sauke yatsana. Na buɗe baki. Abin da ya fito kawai shi ne, "Ai kowa haka yake barin nasa."

Alhaji ya dube ni a natse. "Malam lauya, ba yanzu ka ce wannan ba hujja ba ce?"

Hajiya ta yafe, amma ni na riƙa yi mata cefane har aka kwance ɗaurin hannunta, tana kirana alƙali a gaban masu kayan miya. Tun daga nan, kafin in nemi a hukunta mai laifi, sai na fara leƙa tagata.